Sai Akaza Ta Sha

A wata bazara da ba zan manta ba, saura ƙiris in kashe mahaifina da wani ɗan kwaɗon kulle ƙofa da bai kai babban yatsana girma ba. Ban taɓa faɗa wa ƴan'uwana ba. Su dai abin da suka sani shi ne tsoho ya yi ciwon zafi na kwana biyu, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni da matata kaɗai muka san inda ciwon ya fito, kuma daga ƙofar tankin motata ya fito.

Motar bazawara ce fara, ƴar Kwatano, wadda ta ga duniya kafin ta gan ni. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Konni, na daɗe ina mafarkinta kafin ta zo hannuna, don haka ba na son kowa ya taɓa ta. Ina kuma da wata cuta da matata ta daɗe tana yi mini dariya a kai. Duk abin da ya lalace a gida sai in ce ni zan gyara. Fanka ce, rediyo ne, kan famfo ne, ba na kai wa kowa. Wasu sun tashi a hannuna, wasu kuma ni na ƙarasa su.

Gidanmu gidan gado ne a bakin gari. Da motar ta zo sai na fasa katangar gabas na sa ƙofar ƙarfe, na share mata wuri a gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogonyaro. Wurin nan kuwa nan ne turken jakar tsoho yake. Ya yi shekaru fiye da yadda zan iya tunawa yana dakon gero da wake daga Bazaga zuwa kasuwar Konni a bayan jakai, ta ƙarshensu kuma wata akaza ce, wato fara, mai sanyin hali. Ta mutu shekara biyu kafin zuwan motar, amma turkenta yana nan a kafe. Hantsi guda na kwashe ina haƙa kafin ya yarda ya fito. Tsoho yana zaune a rumfarsa yana kallona har na gama.

Shi mutum ne mai doka ɗaya da ba ta tanƙwaruwa: mai dabba ba ya shan ruwa kafin dabbarsa. Mari ɗaya ya taɓa yi mini a duniya, a bakin wata rijiya a hanyar Bazaga, ina ɗan shekara tara, don na kafa kai a guga alhali jaka tana tsaye tana kallona. Ya ce, "Kai kana da bakin roƙo. Ita wa za ta roƙa?" Na girma, na yi boko, na manta da marin.

Ƴar ƙofar da nake magana ita ce wadda ke rufe bakin tankin mai, a kwiɓin motar ta baya, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Tawa ba ta da makulli. Akwai ɗan lungu da ake sa yatsa a jawo ta, sai ta juya a kan hinjinta, wani ɗan sifirin kuma shi ke riƙe ta idan an rufe. A cikinta ne murfin tankin yake, na roba, wanda ake murɗawa.

Da zafi ya kankama sai na fara tarar da ita a buɗe. Nakan dawo daga lakwal rana tsaka, in ajiye motar, in ci abinci, in yi azahar, in kwanta. Idan na fito da la'asar sai in gan ta ta wage, ta ɗan rataye gefe guda. Na farko na ce iska ce. Amma wace iska? A irin wannan lokaci ko ganyen bedi ba ya motsi. Unguwa takan yi tsit kamar an kwashe mutanenta, kaji su shige ƙarƙashin rumbu baki buɗe, ba ka jin komai sai kukan kurciya can nesa. Tun muna yara ake hana mu fita a wannan sa'a, a ce rana tsaka ba tamu ba ce, masu ita suna kan hanya.

Sai kuma na lura da jiƙa. Daidai ƙarƙashin ƙofar, a bayan taya, ƙasa takan jiƙe faɗin faifai. Na ce tanki ya tsage. Na durƙusa na dangwala na sansana, babu warin mai ko kaɗan. Ruwa ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu sawu. Ƙasar wurin yashi ce, ko ƙadangare ya wuce sai ka ga layin wutsiyarsa, amma kewayen motar sumul yake, sai sawuna ni kaɗai da na tako yanzu.

Na ce wa matata, "Wa ke zuwa wurin motar nan in na kwanta?"

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wa zai zo, Malam? Ƙohwar gida ai kulle take."

"To wa ke buɗe ta?"

"Ka bash shi mana. Mi tac ci maka in ta buɗe?"

Na ce abin da ya buɗe ba da izinina ba, to ya ci mini. Ranar Asabar na shimfiɗa buhu a gindin bedi, na fito da turnabis na kwance sukuru da filaya da ƴar guduma. Sukuru biyu ne ke riƙe da hinjin a jikin motar. Na kwance su, ƙofar ta faɗo a tafina. Nan na ga ciwon: ɗan siririn ƙarfen da ke ratsa tsakiyar hinjin ya cinye ya lanƙwashe, kunnuwan hinjin sun buɗe, kamar an daɗe ana jan ƙofar ƙasa da ƙarfi maimakon a jawo ta gefe. Na ji daɗi ƙwarai, don ga dalili a hannuna wanda ake iya gani da ido. Na buge ruɓaɓɓen ƙarfen ya fita, na yanko wayar ƙafar wani mataccen keke da ke bayan ɗaki, na goge ta da magagari har ta shige cif. Na lanƙwasa bakinta don kada ta zame, na matse kunnuwan da filaya, na ɗan buɗa sifirin ya ƙara ƙarfi, na ɗiga baƙin mai. Da na mayar na rufe sai ta ce ƙas. Na buɗe na rufe ya fi sau goma don daɗin ƙarar, har na kira matata ta zo ta ga aiki. Ta leƙo ta ce Allah ya sa albarka, ta koma.

Washegari ina kwance, barci ya fara ɗaukata, sai na ji ta. Wani siririn ƙara ne, ƙiii, a hankali, irin na abin da ake buɗewa ba a son a ji. Na san ƙarar, don wayar keken da na sa jiya ce ke gugar ƙarfe. Ina so in ce na yi wuf na fita, amma ƙarya ba ta da amfani a nan. Kwanciyata na yi, zufa tana bin haƙarƙarina, ina sauraro. Bayan ƙarar sai na ji zubar ruwa, siririya, ta daɗe. Daga nan shiru. Ni da nake tsayawa gaban yara ina ce musu kowane abu yana da dalili, sai ga ni ina karanta ayatul kursiyyu a kan tabarma da rana kata. Da na samu ƙarfin fita, ƙofar tana buɗe, ƙasa a jiƙe, yashi sumul.

Na yi kuskuren ba wani abokin aikina labari. Ya gyara zama ya ce ai wannan a fili take, rubutu ne ake wankewa ana zuba wa motar, wani ne ya sa ni a gaba. Na yi masa dariya har da buga cinya. Amma da na fito daga lakwal sai na tsinci kaina ina lissafa waɗanda ba su yi mini murna ba ranar da motar ta zo.

Na ƙudura zan yi gadi. Ranar Laraba bayan azahar na ɗauko kujera na zauna a gindin bedi, na tasa ƙofar a gaba. Tsoho yana rumfarsa, taku goma daga inda nake, yana jan carbi, ƙwaryar ruwansa a gefe rufe da faifai. Zafi ya danne ni, barci kuwa ɓarawo ne. Ban san lokacin da ya sace ni ba. Da na farka ƙofar tana buɗe a gaban idona, ruwa yana ɗiga daga ƙasan motar ɗis, ɗis. Tsikar jikina ta tashi.

Na ce, "Baba, ka ga wani ya shigo?"

Ya dube ni da idanun nan nasa da suka fara yin fari-fari. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Kai dai da barci. Babu kowa nan sai mu uku."

Na waiga. Matata tana can cikin gida, yara suna wurin kakarsu ta wajen uwa a Illela. Ni da shi ne kaɗai a filin. Na buɗe baki in ce wane ne na ukun, sai na ji ba na son amsar. Na ɗauki kujerata na shige.

Yanzu da nake rubutu ina ganin abin a fili kamar tafin hannu, kuma na san mai karatu ya riga ni gani. Amma a lokacin ko kusa ban kawo tsoho a raina ba. Mutum ne da ba ya kuskure salla, ya san ranar kowace kasuwa daga Konni har Alela. Gaskiya ne ya taɓa tambayata ko innarmu ta dawo daga rijiya, alhali ta shekara shida a ƙasa, amma na ce mafarki ya yi. Na fi yarda aljani ne ke buɗe mini tanki da in yarda kan mahaifina ya fara kwancewa. Aljani ai ana yi masa hayaƙi ya tafi.

Abin da ya ƙarasa tunzura ni ya faru ranar wata Juma'a. Na sha mai wurin wani ɗan ruwa-ruwa da na saba da shi, irin masu sayarwa a kwalba a bakin hanya, ashe bai murɗe murfin tankin sosai ba, ni ma ban duba ba. Kwana biyu bayan nan na kama hanyar Tsarnawa gaisuwar rasuwa. Na kusa shiga gari sai motar ta fara tari, ta yi shaƙuwa, ta mutu murus a gaban wata tsamiya. Babu gida kusa, babu mai wucewa, sai ni da tsamiyar muna kallon juna. Da ƙyar na samu mai babur ya ɗauko mini makanike. Ya kwance tiyon mai ya tara kwalba, ya ɗaga ta a rana ya nuna mini: mai a sama, ruwa kwance a ƙasa.

Ya ce, "Malam, motarka ba issansi taka sha ba, ruwan randa taka sha."

Da na dawo gari ban zame ko'ina ba sai wurin ɗan ruwa-ruwan nan. Na wanke shi tas a gaban mutane, na ce yana gauraya mai da ruwa. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa har muryarsa tana rawa. Ban saurare shi ba, ko da yake can cikin raina na san ruwan ba nasa ba ne. Mai jin tsoro yana son ya samu wanda zai yi wa ihu.

A daren ban yi wata shawara da kowa ba, da gari ya waye kuwa na sake fito da kayan aikina. Na ɓalle ɗan ƙarfen maƙala kwaɗo daga wani tsohon akwatin ƙarfe, na huda ƙofar tankin da ƙusa da guduma, na huda jikin motar, ni da ba na son ko ƙuda ya sauka a kanta. Na ɗaure ƙarfen da sukuru, na saƙala ɗan kwaɗo, na datse, na jefa makullin a aljihu. Matata ta fito ta tsaya a bayana, hannunta da kumfar wanki.

Ta ce, "Malam, don Allah kak ka sa kwaɗon ga."

"Don me?"

Ta dubi wajen rumfa, ta sunkuyar da kai. "Ni dai na ce kak ka sa."

Na ce mata idan tana da dalili ta faɗa, idan ba ta da shi ta koma ga wankinta. Ta koma. Har yau idan na tuna yadda na yi maganar sai kunya ta kama ni.

Ranar nan na yi barcin rana mai daɗi, ban ji ƙiii ba. Da la'asar ƙofar tana rufe, ƙasa a bushe, na ce to, ko aljani ne ya san kwaɗo. Da magariba matata ta ce Baba bai taɓa furarsa ba. Na ce zafi ne ya hana shi. Da na je gaishe shi na ga ƙwaryar ruwansa cike har baki. Na miƙa masa, ya kawar da kai. Ya ce, "Tukuna."

Washegari ma tukuna. Ya yi alwala, ya kurkure baki ya tofar, ko ɗigo bai haɗiye ba. Tuwo ya ƙi wucewa, ya ture. Ana cikin zafin da ko saurayi ya yi rabin yini bai sha ba sai ya ga duhu-duhu, shi kuwa ya haura tamanin. Kafin hantsi leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa, muryarsa ta koma kamar ana murza busasshen ganye. Ban je lakwal ba. Na kira wani maƙwabcinmu ma'aikacin likita, wato asibiti, ya ja fatar hannun tsoho ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya jawo ni gefe ya ce idan bai sha ba zuwa la'asar sai an kai shi likita an yi masa ƙarin ruwa, ko da ɗaure shi za a yi, in ba haka ba kada in zargi kowa. Na roƙi tsoho, na lallashe shi, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya dube ni kamar baƙo. Ya ce, "Ba ta sha ba." Na ce wa? Ya rufe ido.

Bayan azahar na shiga ɗaki neman takardunsa na likita. Ina cikin bincike sai na ji wani ƙara daga gindin bedi. Ba ƙiii ba ne wannan karon. Ƙwas, ƙwas, ƙwas ne, ƙarfe yana bugun ƙarfe a hankali, a tsaya, a sake. Na leƙa ta taga.

Tsoho ne. Ban san da wane ƙarfi ya tako taku goman nan ba. Yana tsaye jingine da kwiɓin motar, ƙwaryar ruwa a ƙasa kusa da ƙafarsa, yana jan kwaɗon da yatsunsa. Ɗaya hannun yana shafa bayan motar, tun daga gilashi har ƙasa, a hankali, yadda na sha ganin yana shafa wuyan akaza. Ƙarfen nan ya sha rana, ko ni ba na iya ɗora hannu a kai, shi kuwa ko a jikinsa. Yana magana ƙasa-ƙasa. Da na matso sai na ji abin da yake cewa.

"Buɗe bakinki mana. Mi anka yi miki? Wa yad ɗaure miki baki? Sha ko kaɗan, ni ma in samu in sha."

Sai na ji matata a bayana. Ba ta dube ni ba, bango take kallo, tana magana kamar da bangon take. Ta ce tun farkon zafi yake yi. Kullum in na kwanta sai ya ɗauki ƙwaryarsa ya je ya ba ta, ya jira ruwan ya shige, sannan ya dawo ya sha sauran. Ita ce ke bin bayansa da tsintsiya tana share sawunsa.

Na ce, "Kin sani, kika bar ni ina hauka? Har na ci mutuncin bawan Allah a bakin hanya?"

Ta ce, "Da wane baki za ni ce maka surukina ya ruɗe? Uba na gare ni. Ni dai na rufa mishi asiri, ina jiran ka gani da idonka. Kai ko ƙohwa kaɗai kaka kallo."

Wata biyu ina durƙuso gaban hinji, na san kowane sukuru nasa, ban ɗaga kai na dubi mutumin da ke taku goma daga wurin ba.

Na laluba aljihu cikin gaggawa har makullin ya faɗi cikin yashi, sai da na tona. Na buɗe kwaɗon na cire. Yatsun tsoho biyu sun fashe, jini ya shafi farin fentin. Na danna murfin tankin na murɗe shi iya ƙarfina. Na ce, "Baba, ga ta, ta buɗe."

Bai ko dube ni ba. Ya sa yatsa ya jawo ƙofar ƙasa, yadda ake jan leɓen dabba, ta ce ƙiii. Nan na gane abin da ya lanƙwasa hinjin tun farko. Ya sunkuya zai ɗauki ƙwaryar ya kasa, na ɗauka na riƙe masa gindinta. Ya karkata ta a hankali. Ruwan ya taru a kewayen murfin, ya tsaya. A ƙasan lungun akwai wata ƴar huda da aka yi don ruwan sama ya riƙa fita, ta nan ne ruwan yake bi kullum ya jiƙa ƙasa, amma ranar tsatsar da na kankaro wajen huda ƙarfe ta toshe ta. Muka tsaya mu uku muna kallon ruwan ya ƙi wucewa. Tsoho ya ce, "Ta yi hushi." Na zari tsinken tsintsiya daga hannun matata na soka a hudar, na jujjuya. Sai ruwan ya yi ƙasa, zuuu, har da ɗan ƙara a ƙarshe kamar maƙogwaro.

Matata ta ce, "Baba, ta sha?"

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce, "Ta sha."

Ya karɓi ƙwaryar ya kafa kai. Ina jin ruwan yana sauka a maƙogwaronsa, ina riƙe da ƙwaryar ina janyewa kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne innarmu, ranar na yi, a tsaye, gaban matata.

Gyara na uku shi ne kaɗai gyaran da na taɓa yi a rayuwata da nake alfahari da shi, kuma duk makaniken da ya gani sai ya ce ɓarna ce. Na cire ƙarfen kwaɗon na jefar. Na samo murfin tanki mai makulli, ruwa ba ya ratsa shi. Na sassauta sifirin don yatsan tsoho ya iya jawo ƙofar ba wahala, na ɗan buɗe kunnuwan hinjin da na matse da hannuna, don ta riƙa sunkuyowa ƙasa yadda yake so. Na faɗaɗa ƴar hudar, na zura mata guntun tiyo ya sauka bayan taya, daidai inda turken yake a da. Ban ƙara ɗiga wa hinjin mai ba, don ina son in riƙa jin ƙararsa daga ɗaki. Na kuma daina fita da motar da rana. Duk inda nake, kafin azahar tana gindin bedi. Ɗan ruwa-ruwan ma na je na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na zage shi. Ya ce ya yafe, amma wane ne ya zuba ruwan? Na ce wani ne da ya fi ni sanin hakkin abin hawa.

Tsoho ya ƙara shekara ɗaya da ƴan watanni. Kullum rana tsaka sai in ji ƙiii, sai zubar ruwa, sai muryar matata daga bakin ƙofa tana tambaya ko ta sha. Ƙarar da ta taɓa sa ni karatun tsari ita ta koma abin da nake jira kafin barci ya ɗauke ni. Ya rasu da damina, da hantsi, cikin sauƙi.

Bayan sadakar arba'in na ce to, yanzu sai in mayar da ƙofar yadda take. Na sayo sabon sifirin na ajiye a kan taga, na ce sai Asabar. Ranar Alhamis na dawo daga lakwal, na yi azahar, matata ta kawo mini ruwan randa a moɗa. Na ɗaga ke nan zan kai baki sai na ji ƙiii daga gindin bedi.

Na san hinjin sake yake, ni na sassauta shi. Na san ƙarfe yana motsi idan ya sha rana. Duk na san wannan, ina iya zana shi a allo. Na fita da moɗar a hannu. Ƙofar tana buɗe, ta sunkuyo ƙasa. Babu iska, babu sawu, rumfar tsoho babu kowa sai tabarmarsa a naɗe. Ƙasan bayan taya a bushe take ƙamas, har ta fara tsagewa. Na daɗe a tsaye rana tana dukan ƙeyata, ƙishi yana cina, moɗar ta ƙi zuwa bakina. Sai na karkata ta a lungun, ruwan ya yi ƙasa, zuuu.

Da na juyo matata tana bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce, "Ta sha?"

Na ce, "Ta sha."

Sannan na shanye sauran. Sifirin yana nan a kan taga har yau, ya yi tsatsa.